Zuwa Ga Taubashina, Farfesan Jangeru

Taubashi, gaisuwa daga Ƙauran Namoda, garin iyayen gidanka. Labari ya iske ni cewa ranar Alhamis, a kasuwar Shinkafi, ka tara masu sayen albasa kana ba su darasi. Wai kalmar "aero" da ake gani a jikin jirgin sama Hausa ce, daga "aro" Turawa suka sato ta, domin talaka ba ya hawa jirgi sai da kuɗin aro. To, a kan aro kam ba mai ja da kai, tun da buhun geron da ka ara wajen inna shekaran bara har yau bai ga hanyar gida ba. Amma ilimin kalmomi ka bar wa manya.

Zauna in karantar da kai kyauta. Malaman nahawu na kiran irin su "aero" ɗafa-goshi, wato guntun da ake manna wa kalma a gaba, kamar ba- a Bazamfare ko ma- a manomi. "Aero" daga harshen Girkanci ya fito, daga "aer", iskar nan ta ƙasa-ƙasa da muke shaƙa, har da hazo. Rumawa suka ɗauke shi zuwa Latin, daga can ya shiga Faransanci da Ingilishi. Shi ya sa kalmomi da yawa da suka shafi iska za ka same shi a goshinsu. "Aerosol" shi ne feshin da kake kashe sauro da shi, in ka samu na maƙwabci. "Aerobics" motsa jiki ne mai sa yawan numfashi, abin da ba ka taɓa yi ba sai ranar da kare ya bi ka. "Aeronautics" kuwa ilimin tuƙi ne a iska, an haɗa shi da "nautes", wato matuƙin jirgin ruwa.

A nan Bahaushe da Bagirke suka yi tunani ɗaya. Mu ma jirgi na ruwa muka fara sani. Da na dogo ya zo muka ce jirgin ƙasa, da mai fiffike ya zo muka ce jirgin sama. Na saman ya sauka Kano a 1925, jiragen sojan Ingila ne. Na ƙasan ya iso Ƙaura a 1929, ya leƙa ya ga hanyar Jangeru, ya ce a'a, iyakata ke nan. Shi kuma kamfanin Aero Contractors da ka ga sunansa har kanka ya ɗau zafi, tun 1959 aka kafa shi, bai kuma taɓa jin labarinka ba.

Ka san dai iska a Hausa tana da 'ya'ya da yawa. Akwai ta hunturu, akwai iskokin da ke hawan 'yan bori, akwai kuma ɗanta da ba a son a kira mutum da shi. Da Girkawa ne suka raɗa maka suna, da "aero" za su fara. Ni ban faɗi komai ba.

Saboda haka Alhamis mai zuwa ka koma rumfar nan ka warware abin da ka ƙulla, ka ce Babban Yaya na Ƙaura ya gyara maka. Ka mayar wa inna geronta, ka kuma tanadi kuɗin sharata kafin watan Cika-ciki. Ba na karɓar na aro.