Haɗa Jirgi Don Ranar Faɗuwa

Wanda ya sayi ƙaramin jirgi mai saukar ungulu irin T-Rex 450 na kamfanin Align da ke Taiwan, kwali zai tarar cike da ƙananan sukurori. Ya shafe kwanaki yana ɗauri, yana ɗiga musu Loctite don kada jijjiga ta kwance su, alhali batirin ba ya kai minti 10 a sama. Masu hankali za su ce a sayi haɗaɗɗe mana, a huta. To, ai ƙasa ba ta tambayar wa ya haɗa. Farfelar wutsiya ta ɗan kuskure, jirgi ya hau juyi kamar ɗan bori, sai tim! Ran nan mai haɗaɗɗe sai zuru, wanda ya haɗa nasa kuwa ya san sandar da ta lanƙwashe, har da farashinta.