Ƙaramin Gyara Ne Kawai

Duk wanda ya taɓa haɗa wa kantin magani ko makarantar kuɗi ɗan rumbun bayanai da Microsoft Access ya san ranar miƙa aiki ranar shan lemo ce. Wahala sai bayan wata shida, idan aka kira shi ya ƙara wani abu, ya tarar rumbun ya cika da sunayen ɗalibai da bashin kwastomomi. Tsarin nasa ne, abin da ke ciki na mutane ne, kuma sau da yawa duka biyun suna cunkushe a fayil ɗaya. Tun 1992 manhajar ta fito, an yi ta sabunta ta, amma masu zama gabanta halinsu na nan yadda yake.

Alhaji mai kanti shi ke buɗe fage. "Malam, ƙaramin gyara ne kawai, ko zama ba sai ka yi ba." Gyaran kuwa shi ne ya buɗe reshe na biyu, yana son kowane kwalin magani a san a wane shago yake. Wannan na nufin sabon teburi, da sake ɗaura dangantakar tsofaffin, da bin kowane rahoto ɗaya bayan ɗaya. Alhaji da faɗin abin da ya gani a allo yake auna aiki. Tunda akwati ɗaya aka ƙara, kuɗin akwati ɗaya zai biya, ya haɗa da addu'a.

Sai ma'aji, wadda ba ta rufe komai sai ƙofar ofis. Access ba ya barin a taɓa tsarin teburi muddin wani na ciki, kuma yana ajiye ɗan ƙaramin fayil mai ƙarewa da laccdb a gefen babban don shaida. Mai gyara ya ga wannan fayil ya tambaya, "Wa ke ciki?" Kowa ya ce ba shi ba. Ashe Hajiya ta bar fom a buɗe, ta kulle ɗaki, ta tafi gaisuwar rasuwa da makulli a jaka. Wani lokacin ma ba kowa a ciki, wuta ce aka ɗauke ana tsakiyar aiki, fayil ɗin ya rage yana rantsuwa akwai mutum.

Babban gwani dai shi ne Malam Ban-taɓa-komai-ba. Shi ne wanda duk tambayar da kwamfuta ta yi masa amsarsa e ce, don ya lura e ce ke kawar da akwatin daga gabansa. Access ya gargaɗe shi cewa abin da zai goge ba ya dawowa, ya danna e, kamar yadda ya danna jiya da shekaranjiya. In an tambaye shi, ya dafa ƙirji: "Wallahi haka na zo na same shi." Abin da bai sani ba, lambar da rumbun ke ba kowane layi da kansa ba ta cike giɓi. Daga 412 sai ka ga 530, tsakaninsu fili fetal, aji biyu sun ɓace da kuɗin makarantarsu. Ko an nuna masa, zai duƙa ya ƙura wa allon ido, ya ɗago ya ce ƙila zafi ne ya yi wa na'urar yawa.

Akwai mai tsoron asara, wanda tsoron nasa ya fi asarar ɓarna. Kwafi yake yi ba ji ba gani: "Sabo", "Sabo na gaske", "Sabo na gaske kar a taɓa". Na Litinin ya shigar a wannan, na Talata a wancan, na ƙarshen mako a kwamfutarsa ta gida. Kowane kwafi ya ba wani mutum daban lamba 87. Ka yini kana gyara, sai da la'asar ya ce, "Au, ai ba wannan muke amfani da shi ba."

Mai shigar da bayanai yadda ransa ya so kuwa, a wurinsa Muhammad da Muhammadu da Mohammed da Moh'd kwastomomi huɗu ne, alhali mutum ɗaya ne, bashinsa aka raba huɗu har ya zama ba abin tashin hankali ba. A gurbin lambar waya ya rubuta "ta ƙaninsa ce". Kwanan wata kuma 3/4, ko Maris ko Afrilu, ya danganta da ko an saita kwamfutar irin ta Amurka, inda wata ke riga rana.

Baba mai tsohuwar kwamfuta ni ina ganin girmansa. Windows XP yake amfani da ita, wadda Microsoft ta daina kula da ita tun 2014, da Access na 2003 wanda ba ya buɗe sabon nau'in fayil da aka kawo a 2007. Ka matsar da maɓalli ɗaya, ya cire tabarau ya ce, "Yaro, ina koren nan nawa?" Amma shi kaɗai ke kwafe komai a babban littafi da biro, kuma ranar da fayil ya lalace, ɗakinsa kowa ke yin layi.

Ɗan bautar ƙasa ya fi kowa haɗari, don ya san rabi. Ya gano cewa riƙe maɓallin Shift yayin buɗewa na kai mutum bayan fage. Ya canza sunan gurbi don ya fi kyau, rahotanni suka fara yin tambayoyin da ba mai amsarsu. Ya zuba hoton kowane ɗalibi a ciki, fayil ya doshi gigabayit 2, iyakar da Access ke ɗauka. Ya sa kalmar sirri, ya gama shekararsa, ya koma garinsu, layinsa a kashe.

Kada masu gyara su yi dariya da yawa, su ma da nasu. Akwai injiniyan da ke kwafe fayil ranar Juma'a, ya gyara a gida, ya dawo Litinin ya ɗora nasa kan na shago, cinikin Asabar da Lahadi ya bi ruwa. Ga shi kuwa Access na da hanyar raba rumbu gida biyu, teburan bayanai a fayil ɗaya, fom da rahotanni a wani, ta yadda na biyun kawai za a riƙa sauyawa.

Don haka mai karatu, in an kira ka irin wannan gyara, ka sa kowa ya rufe a gabanka, ka kwafe fayil ɗin a filasha da kwanan wata a jikin sunansa, ka gwada gyaranka a kan kwafi. Kuɗin aiki kuma a yanke shi kafin Alhaji ya ga girman akwatin.