Kafin Ka Taɓa Ƙwallo

Mai koyar da golf ba ya barinka ka taɓa ƙwallo sai ya gama zubar maka da kwarjini. Ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗa. Sassauta gwiwa kaɗan, kaɗan fa aka ce, ba tsuguno ba. Ranƙwafa daga ƙugu, gadon baya a miƙe, hannaye su sauko da kansu. Ɗaga haɓa, kafaɗa ta samu hanyar wucewa. Saura turo ɗuwawu baya kamar mai jiran allura, kuma a nan ne masu tumbi ke fara tunanin ko su koma dara.

Malamin dai yana da gaskiya. Wanda ya ƙudundune baya ba ya iya juya ƙirji, wanda ya miƙe zumbur kafin bugu kuwa iska zai zabga, ko ya shafi saman ƙwallo ta mirgina taku uku.

Amma kada ka ambaci Jim Furyk a gabansa. Ba'amurken nan dab da ƙwallo yake tsayawa, yana murɗa sanda yadda babu malamin da zai koyar, kuma a 2016 ya gama ramuka 18 da bugu 58 kacal.