Masu Fosta Iri-Iri, Daga Tukunus Zuwa Bangon Jami'a

Ƙasar Kurfai ta sha awo. An auna ruwan samanta, an auna zurfin rijiyoyin Dallol Bosso, an ƙirga zangarniyar hatsin Cikal, an ɗora dankalin maƙwabta na Bonkuku a kan sikeli. Shanun Azawak na tashar Tukunus kuwa, wadda ke wajen kilomita 20 arewa da Filinge, tun 1954 ake bin su da ma'auni da littafi, har sun saba: saniya ta hango ɗalibi da biro sai ta gyara tsayuwa.

Masu awon nan, ko daga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai suka fito, ko Jami'ar Tilaberi, ko cibiyar binciken noma ta INRAN, hukunci ɗaya ke jiransu. Bayan an sha rana da ƙura, sai a ce kowa ya matse aikinsa a takarda guda, girman A0, wato santimita 84 da 119, ya liƙa a bango, ya tsaya gefenta. Ana kiranta fosta, kuma yawanci da PowerPoint ake haɗa ta. Aikinta bai da yawa: ta tsayar da mai wucewa, ta faɗa masa abu ɗaya da aka gano kafin ya ƙara gaba. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bangon nan yakan tona halin mutum fiye da shekara uku na zaman aji.

Malam Kwashe-Duka

Shi ne babban yaya. Ya rubuta kundi mai shafi tamanin a kan nonon Azawak, kuma kowane shafi ɗansa ne, ba ya yar da ko ɗaya. A0 tana cin A4 goma sha shida. Shi kuwa ya rantse za ta ci tamanin. Sai ya yi ta rage girman rubutu, daga 24 zuwa 14, daga 14 zuwa 10, har sai mai karatu ya manna hanci da bango. Gabatarwarsa takan fara da cewa Nijar ƙasa ce ta Sahel wadda ba ta da teku, yana sanar da 'yan Nijar a tsakiyar Yamai. Ka nemi sakamakon binciken, sai ka same shi can ƙasa, daidai gwiwa, wanda sai an durƙusa. In ka ce ya bar ɗan fili fari don ido ya huta, sai ya dube ka da tausayi: "Ƙanena, kuɗin takarda duka na biya."

Sarkin Ado

Wannan ya gano cewa kwamfuta tana da launi miliyoyi, kuma ya ga rashin adalci ne a bar wani a baya. Kanun fosta da WordArt, mai inuwa, mai ƙyalli, ya lanƙwashe. Rubutu rawaya a kan kore, ja a kan shuɗi, salon haruffa bakwai, har da Comic Sans a sashen lissafi. A bayan komai ya shimfiɗa hoton faɗuwar rana a Dallol, ta yadda rabin sakin layi ya faɗa kan gao, rabi kan jan sama, duk ba sa karantuwa. Bai san cewa launin da ke haske a fuskar kwamfuta yakan dushe in ya hau takarda ba, bai kuma san cewa cikin maza akwai waɗanda ba sa bambance ja da kore ba. Launi biyu ko uku da salon haruffa biyu sun ishi kowace fosta. Ka faɗa masa haka, ya ce ba ka da ido. Daga nesa fostarsa ce ta fi jan jama'a. Sukan zo, su tambayi bikin wa ake yi, su wuce.

Mai Jan Saniya

Laifinsa tun daga tushe yake. Ya buɗe PowerPoint ya fara aiki a shafin da ya tarar, mai santimita 34 da 19, bai leƙa inda ake sauya girma ba, alhali dannawa biyu ce, kuma manhajar tana karɓar har santimita 142. Ya gama, ya miƙa wa mai buga takarda ya ce a faɗaɗa. Hotunansa kuwa sai da suka bi WhatsApp hannu uku, kowane hannu ya matse su. Hoton da zai cika faɗin santimita 30 a takarda yana bukatar ɗigo wajen 1,800 a faɗinsa; nasa bai kai rabi ba. Da hoton ya ƙi cika gurbi, sai ya kama shi ta gefe ɗaya ya ja, maimakon ta kusurwa. Sakamakon: saniyar Azawak mai jan gashi da kyan tozo ta fito da dogon wuya kamar raƙumin dawan Kure, idonta murabba'i, ƙahonta matakala. Duk makiyayin da ya gani zai ce: "Wagga ba tamu ba ce."

Mai Tambura

Mutum ne mai sanin ya kamata, abin ya yi masa yawa. Kashi ɗaya cikin uku na fostarsa tambura ne: na jami'a, na tsangaya, na ma'aikata, na ƙungiyar da ta ba da kuɗi, na wadda ta yi alkawari ba ta ba da ba, da tutar ƙasa sau biyu don kada wani gefe ya yi fushi. Sunayen marubuta tara, uku daga cikinsu ba su taɓa wuce Baleyara ba. Sashen godiya ya fi sashen sakamako tsawo: ya gode wa shugabanni, da direba, da mai kabu-kabu, da kawun da ya ba shi masauki a Filinge. Mutum ɗaya kawai ya manta, manomin da ya ba da gonarsa aka yi gwaji damina biyu.

Alhaji Alƙaluma

Ba ya magana sai da lamba. Ya auna nono da bokiti da kofin roba, amma a jadawalinsa saniya ta ba da lita 3.4567. Jadawalin yana da layi arba'in, kuma duk a fostar. Zanen alƙalumansa mai kauri ne, ya karkace, yana da inuwa, yanki goma sha biyu, huɗu daga ciki launinsu ɗaya. Gefen zanen babu abin da ke nuna ko kilo ake nufi, ko lita, ko milimita. In bambancin da ya samu ƙanƙane ne, sai ya fara ma'aunin daga 90 maimakon sifili, tazarar yatsa ta koma tazarar gini. Ka tambaye shi: "To, Alhaji, takin ya ƙara amfani ko bai ƙara ba?" Sai ya nuna maka harafin p da ƙaramin tauraro, ya yi murmushin wanda ya gama magana.

Na-Daren-Ƙarshe

Wata biyu aka ba shi, ya fara bayan sallar isha'i ta jajibiri. A kwamfutarsa akwai fosta ta ƙarshe, ta ƙarshe ta biyu, ta ƙarshe ta gaskiya, da ta ƙarshe wallahi. Tsakar dare wuta ta ɗauke, batir ya ce ga garinku nan. Da asuba ya kama motar Yamai daga Filinge, kilomita wajen 180, da kilen USB a aljihu. Bai mayar da aikin PDF ba, don haka da aka buɗe shi a kwamfutar mai buga takarda, haruffa suka sauya, layuka suka hau juna, kanun ya sauko ya zauna kan taswira. Sunayen tsirrai da ya rubuta da Hausa kuwa, duk ƙ da ɗ da ɓ sun koma akwatuna. Bai buga gwaji a A4 ya duba ba, sai da aka liƙa a bango ya ga ya rubuta sunan malaminsa ba daidai ba, da haruffa masu tsawon yatsa. Ba shi da kwalin naɗe fosta, ya ninke ta huɗu, layin ninkin ya bi ta tsakiyar kammalawa. Duk wanda ya tsaya, da labarin wuta yake fara masa.

Mushe Ƙara-Wannan

Ba ɗalibi ba ne, shi ke duba aikin ɗalibai, kuma rabin zunubin Malam Kwashe-Duka a wuyansa yake. Ka kawo masa fosta mai tsabta, ya sa tabarau, ya ga fili fari, ransa ya ɓaci.

"Ɗana, nan fa?"

"Mushe, na bar shi ne don ido ya huta."

"Ido ya huta a gida. Sa taswirar Afirka, sannan ta Nijar, sannan ta jihar Tilaberi, sannan ta Filinge. Ka kuma ambaci takardata ta wancan taro."

"To, Mushe."

Ranar baje koli shi ne zai fara cewa fostar ta cika cunkoso.

Ɓatan-Dabo da Mai Riƙe Baƙo

Tagwaye ne, halinsu ya saɓa. Na farko yana liƙa fosta sai ya ɓace. Ka neme shi, yana wajen masu shayi, yana leƙen bangonsa daga nesa, yana addu'ar kada kowa ya tsaya. Na biyu kuwa, ka kuskura ka rage tafiya, ya tare hanya. Zai karanta maka fostar daga bisimilla har amin, yana bin layi da tsinke, ya juya maka ƙeya. Ka ce "madalla" sau biyar, ka duba agogo, ka ce ana kiran sallah, ya ce saura hanyoyin bincike. Bayanin minti biyu ake so mutum ya tanada, sauran ya bar wa tambaya.

Ɗan Sabon Yayi

Ya ji labarin Mike Morrison, ɗalibin Amurka da ya fito a 2019 da shawarar a rubuta babban sakamako da manyan haruffa a tsakiyar fosta, a tura sauran bayani gefe, a sa lambar QR. Shawara ce mai ma'ana. Shi dai ya ɗauki rabinta: ya cika tsakiya da QR mai girman tabarmar sallah, a zauren da intanet ba ya kamawa. Wanda ya dage har ya buɗe, sai ya tarar da shafi yana neman izinin shiga.

Mai Jimla Ɗaya

Ba ta da yawa, amma akwai ta. Kafin ta taɓa kwamfuta, takan zana fostar da fensir a bayan takarda. Kafin wannan ma, takan zauna gaban kakarta ta faɗi abin da ta gano da Hausa, a numfashi ɗaya. In tsohuwa ta ce "to, sai mi?", ta san da sauran aiki. In ta ce "ashe!", an samu kanu. Shi ya sa kanunta ba ya farawa da "Gudummawa ga nazarin". Yakan faɗi abin da ya faru da saniya ko gona, a haruffan da ake karantawa daga taku biyar. Ginshiƙi uku, daga hagu zuwa dama. Rubutun ciki bai gaza 24 ba. Zane ɗaya babba, an rubuta ma'auninsa, hoto biyu da ta ɗauka da kanta ta kwafe ta waya ba tare da sun bi ta hannun kowa ba. Ta buga gwaji a A4, ta riƙe shi tsawon hannu; abin da bai karantu ba ta ƙara masa girma ko ta cire shi. Tun da dokar 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, takan ƙara layi biyu na taƙaitawa da Hausa, ta kuma buga ƙananan kwafi ta aika wa mutanen da suka ba ta gona da garke.

Sauran ba su ƙaunarta sosai. Malam Kwashe-Duka ya ce ba ta yi aiki ba, Sarkin Ado ya ce fostarta ta yi zaman takaba, Mai Tambura ya ce ba ta da tarbiyya. Amma a gabanta mutane ke taruwa, ita ake yi wa tambaya, lambarta ake karɓa.

Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, kuma wanda ya ji a jikinsa ba sai ya ɗaga hannu ba. Ya buɗe kwamfuta ya goge rabin rubutun, ya gyara wuyan saniyar, ya mayar da aikin PDF tun da sauran kwana. Mushe Ƙara-Wannan kuma a kai masa fostar bayan an riga an buga.