Jinsunan Masu Sayen Tsohon Keken Ɗinki

Duk wanda ya zauna a rumfar masu gyaran keken ɗinki a Sabon Garin Kano, ya kasa kunne ga masu zuwa taya tsofaffin kawunan keke, lalle zai tarar da halayen 'yan Adam a baje fiye da yadda aka baje hajar, domin kowa da ɗabi'ar da yake tafe da ita, kuma ita ce ke yi masa ciniki tun kafin ya buɗe baki.

Na farkonsu ma'abocin taƙlidi ne, wanda ya gada daga mahaifinsa cewa babu keke sai Singer, ya riƙe wannan magana riƙon aƙida, ba ya neman dalili, ba ya sauraron hujja. Haƙiƙa kamfanin da Isaac Singer ya kafa a Amurka a 1851 ya ƙera baƙaƙen kekuna na zallar ƙarfe waɗanda har yau jikoki ke cin abinci da su, amma abin da ya ɓuya ga wannan bawan Allah shi ne, daga wajejen ƙarshen shekarun 1960 kamfanin ya shiga sa haƙoran roba a cikin wasu kekunansa, irin su Touch & Sew, ita kuwa roba idan ta kwana biyu sai ta bushe ta tsage, ta bar mutum da suna a goshi, ba ɗinki. In aka nuna masa ƙirar Japan, daga cikin waɗanda aka kwaikwayi samfurin Singer mai lamba 15 bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mai ƙarfe ciki da waje, mai karɓar allurar da ake samu a kowace kasuwa, sai ya kau da kai ya ce bidi'a ce.

Sai kuma malamin nasaba, mai zuwa da tabarau da 'yar takarda a aljihu, wanda kafin a amsa masa sallama ya riga ya duƙa yana karanta lambar da aka buga a jikin keke. Shi ne zai shaida maka cewa harafin K da ke cikin 99K ko 201K alama ce ta masana'antar Kilbowie da ke Clydebank a ƙasar Sikotilan, wadda aka rufe a 1980. Cewa 201 babu na biyunsa a miƙaƙƙen ɗinki da rashin ƙara. Cewa 27 da 28 masu dogon kwarkwaro ne irin na da, wanda samunsa yanzu sai an sha yawo. Yana jero waɗannan da isnadinsu, daga wane zuwa wane, har mai rumfa ya yi gyangyaɗi, alhali idan ka miƙa masa zare ka ce ya zura a allura, sai ya ce yau idonsa ba shi da lafiya. Ban ce iliminsa ba shi da fa'ida ba, don daga bakinsa mutane da yawa suka ji cewa 306 da 319 allura ta daban suke ci, mai lamba 206x13, wadda ba kowane kanti ke ajiye ta ba, saboda haka tela mai neman na tuwo ya nisance su. Abin ta'ajibi kawai shi ne, bayan ya gama wannan fatawa, shi da kansa ya sayi 319 ɗin, wai don ba kowa ke da shi ba.

Akwai mai son ƙyalli, shi zanen zinariya kawai yake dubawa, kuma dillalai sun san shi sarai, suna shafe masa kai da mai har ya ga fuskarsa a ciki. Sai ya isa gida, an tara iyali ana barka, sannan a buɗe ƙasa a ga babu gidan kwarkwaro. Malaman fiƙihu sun halatta mayar da haja saboda ɓoyayyen aibi, amma ban san yadda alƙali zai yi da aibin da ke bayan murfi ɗaya, wanda yatsa guda ke turewa ba.

Mai neman araha ya fi ban tausayi, domin rabin ra'ayinsa daidai ne. Ya ji an ce keken da ya ƙi juyawa sau da yawa tsohon mai ne ya daskare a gaɓoɓinsa, kuma kananzir da haƙuri suna sakinsa, wannan kuwa gaskiya ce mujarraba. Sai dai bai iya rarrabe daskararren mai da tsatsar da ta cinye ƙarfe ba, bai kuma duba ko gangar jikin ta taɓa faɗuwa ta tsage ba, alhali irin wannan ƙarfe in ya tsage da wuya ya ɗinku. In Allah ya taimake shi keken ya motsa, sai tsumulmula ta hana shi sayen man keke, ya ɗura masa man gyaɗa, wanda kafin damina ta kewayo zai zama danƙo. Daga nan ya ɗauko shi a ka zuwa wurin mai gyara, yana ta ɗora wa ƙaddara laifi.

Ɗan uwansa shi ne wanda aka aiko wa keken lantarki daga Amurka, inda wutarsu 110 ce, ya soka shi kai tsaye a tamu mai ninkin haka. Hayaƙi ya yi masa tafsiri.

Shi kuwa mai tarawa, Allah ya hore masa, sai ya mayar da ɗakin baƙi ma'ajiya: ga Pfaff na Jamus, ga Necchi na Italiya, ga ɗan ƙaramin Featherweight da aka fara fitarwa a 1933, wanda nauyinsa kimanin kilo biyar ne amma kuɗinsa ya fi na manyan. Idan aka ce masa wannan israfi ne, sai ya ce da tsohuwar zuma ake magani, ko da yake ba a san cutar da yake yi wa magani ba, tun da uwargida har yanzu bakin titi take aika wandon yara a yi masa faci.

Tsohon tela shi ba ya zuwa da komai sai ƙyalle da zare a aljihu. Zai juya ƙafar keke da hannu a hankali, ya sa kunne, ya girgiza sandar allura ya ji ko tana wasa, ya ninka ƙyallen riɓi huɗu ya ɗinke, ya juya bayansa ya duba ko zaren ƙasa ya kwanta, kana ya tambayi abu guda: in wani abu ya karye, akwai shi a kasuwa? Galibi a kan 15 yake tsayawa, ko Butterfly ƙirar Shanghai da ke bin sawunsa. Amma kada a zaci waliyyi ne. Da zarar keke ya kwanta masa a rai sai ya ɓata fuska, ya kushe shi tun daga bel har tebur, ya taya rabin kuɗi, a ce albarka, ya yi tafiyarsa har bakin hanya sai an kirawo shi. Ya biya, ya ɗora a mota, ya rantse wa masu kaya cewa yanzu da ya sami keke mai gudu kowa zai karɓi ɗinkinsa kafin jajibere. Ranar Salla kuwa, ga su nan tsaye a ƙofar shago da tsofaffin riguna, yaro yana ce musu maigida ya fita yanzun nan.