Kunu Mai Warin Doki

Duk abin da ya same ni, maƙwabcina na Kantin Kwari ne ya ja. Mutumin Sabon Gari ne, Kirista, dilan atamfa 'yar Holan, in ya je sari yakan leƙa Beljiyam. Shi ya ba ni labarin wata giya mai tsami da ake yi a gefen Brussels, wai ita lambic. Alkama da sha'ir ake dafawa, a bar ruwan ya kwana a buɗe, iska ta zuba masa abin da za ta zuba, sannan a ɗura a gangar katako shekara 1 zuwa 3. Masanan ɗanɗano su kai hanci bakin kofi, su lumshe ido, su ce tana warin doki. Yabo ne fa!

Ni giya ba ta taɓa leɓena ba, ba kuma za ta taɓa ba. Amma a ce Bature ya fi Bakano sanin tsami? Mu masu kindirmo da kunun tsamiya da gasarar koko? Na ce, "Oga, saurara, zan yi maka na halal."

Na sa Hajiya ta dama kunun zaƙi na gero, ya ji citta da kanumfari da dankalin Hausa. Gangar katako ta gagara a Fagge, sai na cika jarka, na ɗaure murfi tamau, na ɓoye a bayan buhunan sito. Abin da Oga ya ƙi faɗa mini shi ne, mutanen can sai sanyi ya kama suke wannan aiki. Mu kuwa muna tsakiyar bazara, zafi ya haura digiri 40, lokacin da kunun safe ba ya kaiwa gobe lafiya.

Ranar da na ɗauko ta, jarkar ta yi ciki. Na ce alamar nuna ce. Na sha farar shadda, na rungume ta a adaidaita sahu, sai Sabon Gari. Muna kan France Road direba ya faɗa rami. Fau! Murfi ya daki rufi, kumfa ta wanke ni daga hula har takalmi.

Direba ya shaƙa, ya waiwayo a hankali. "Baba Alhaji, har da ku?"

Na yi rantsuwa kunu ne. Ya ce, "Allah Ya shirye mu baki ɗaya." A garin da aka ƙaddamar da shari'a tun 2000, inda Hisbah ke tattake kwalabe a bainar jama'a, ka ga dattijo yana naso da wannan wari, wa zai tsaya jin tarihin Brussels?

Oga ya karɓi ragowar da mutunci, ya zuba a kofi, ya kai hanci, har da lumshe ido. Na ce, "Akwai dokin?"

Ya ce, "Alhaji, dokin ya mutu a ciki. Ko masu burukutu ba sa yin haka. Su jar dawa suke jiƙawa ta tsira, su dafa, su sayar kafin ta juya. Wannan ko almuru ba za ta kai ba a hannunsu, zubarwa za su yi."

Rigarsa ya ara mini, mai hoton taron cocinsu a ƙirji. Da ita na shiga Fagge ana kiran la'asar. Hajiya ta tare ƙofa, ta dubi rigar, ta dube ni.

"Maigida, matso. Ce haa."