Wa Ya Kashe Turanci a Farin Dutse?

Daga cikin al'adun da suka kafu a makarantun sakandare na kudancin Jihar Jigawa ba tare da wata hukuma ta sa su a manhaja ba, akwai zaman da ɗalibai ke yi da zarar sun fito daga jarrabawar Turanci ta ƙarshe, wanda ake iya kira zaman bita, ko da yake bitar da ta zo bayan an karɓe takarda ihu ce bayan hari. Ana yin wannan zama a gindin darbejiya ko a teburin mai shayi, tun daga Birnin Kudu har Farin Dutse ta ƙaramar hukumar Gwaram, kuma sharaɗin shigarsa guda ɗaya ne, wato mutum ya zo da ƙaƙƙarfan ra'ayi a kan yadda ake rubuta insha'i, ko da kuwa sa'a guda da ta wuce an gan shi yana tauna murfin biro yana ƙirga ramukan silin.

Insha'i shi ne rubutun zube da ɗalibi ke tsarawa da kansa a kan batun da aka ba shi. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952 domin ƙasashen Afirka ta Yamma rainon Ingila, da takwararta NECO, wadda aka kafa a 1999 take da hedikwata a Minna, kowace tana neman insha'in da bai gaza kalma 450 ba, kuma takan ba da zaɓi tsakanin wasiƙa da jawabi da muhawara da maƙalar jarida da labari. Tambayar labari takan nemi a ƙago abin da zai ƙare da wata jimla da aka tanada, ko abin da zai fito da ma'anar wani karin magana. Babu inda takardar ta ce sai an yi fashi ko an zubar da jini, amma da yawa daga cikin ɗalibai can suke nufa, domin wasiƙa tana da adireshi da gaisuwa da sa hannu waɗanda ake iya kuskurewa, muhawara tana buƙatar dalilai, shi kuwa fashi da makami yana iya cinye kalma 450 ba tare da ya nemi marubuci ya yi tunani ba.

Abin da masana ke kira adabin laifi shi ne ƙagaggen labarin da aka gina a kan wata ta'asa da binciken wanda ya aikata ta. Ana danganta kafuwarsa da Edgar Allan Poe na Amurka a 1841, sannan Arthur Conan Doyle ya ƙarfafa shi da ya fito da Sherlock Holmes a 1887. Rukunansa huɗu ne: laifi, da waɗanda ake zargi, da mai bincike, da warwara, wato bayanin ƙarshe da ke nuna yadda aka gano gaskiya. Ɗalibin Farin Dutse yana girmama rukuni na farko matuƙa, har yakan kashe masa kalma 400. Labarin yakan faru a Landan, cikin tsakar dare, ƙanƙara tana zuba, ɓarayi sanye da baƙin tabarau suna fasa banki, alhali marubucin bai taɓa ƙetare gadar Wudil ba, kuma iyakar saninsa da banki shi ne mai POS na bakin tasha. 'Yan sanda sukan iso cikin minti biyar da buga waya, wanda hakan kaɗai ya isa ya gamsar da mai duba takarda cewa labarin ƙagagge ne kamar yadda aka nema. Mai bincike yana shigowa ne a daidai lokacin da mai sa ido ya ce saura minti uku, saboda haka ba ya samun damar tambayar kowa komai. Warwara kuwa ba ta wuce layi ɗaya, inda marubuci ke jin ana taɓa ƙafarsa, ya farka ya tarar mahaifiyarsa ce ke tashinsa sallar asuba, ashe duk mafarki ne.

Adalci ya wajabta a ce wannan ɗabi'a tana da isnadi mai ƙarfi. James Hadley Chase, wanda littattafansa suka cika akwatunan 'yan makarantar kwana a Arewa a shekarun 1970 da 1980, Bature ne haifaffen Landan a 1906, kuma ya rubuta littafinsa na farko, No Orchids for Miss Blandish, a 1939 a kan 'yan fashin Amurka ba tare da ya taka ƙasar ba, sai taswira da ƙamus na zaurancen Amurkawa da ya ajiye a gabansa. Idan Bature zai zauna a Ingila ya yi fashi a Amurka, babu dalilin hana yaron Gwaram ya zauna a benci ya yi nasa a Ingila. Bambancin da ke tsakaninsu ƙamus ne. Iyayen waɗannan ɗalibai da suka yi boko sun kuma karanta jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan, wanda ya fara a 1977, inda Mohammed Sule ya fito da The Undesirable Element da ya fara rubutawa yana ɗan sakandare a Kano, Mohammed Tukur Garba kuma ya fito da Stop Press: Murder! Ɗalibin yau bai sami waɗannan ba, abin da ya samu finafinan Indiya ne da aka fassara da Hausa aka tura masa a waya, don haka aikinsa a ɗakin jarrabawa ya fi na Chase wuya, tunda labarin Indiya yake ɗaukowa daga bakin Bahaushe ya mayar da shi Turanci ya kai shi Landan, duk cikin minti hamsin.

Abin mamaki shi ne yadda ake tsallake laifin gida, alhali shi ne ke da cikakkun rukunan nan huɗu. Duk ƙauyen da aka wayi gari babu akuya a turke yana da mai bincike tun kafin rana ta ɗaga. Akwai tsohon da ke durƙusawa ya duba igiya ya faɗi ko yanke ta aka yi ko kwance ta aka yi, domin mai kwancewa ya san gidan kuma akuyar ta san shi. Akwai bin sawu, wato bin alamar kofato da takalmi a kan rairayi har inda suka haɗu da sawun babur, daga nan a san tafiyar ta yi nisa. Akwai tambayar dalilin da ya sa kare bai yi haushi ba, wadda ita ce ainihin tambayar da Holmes ya yi suna da ita a ɗaya daga cikin labaransa, mutanen karkara kuwa suna yin ta ba tare da sun karanta shi ba. Daga nan sai a tura yaro ya zaga kasuwar Sara ko ta Gwaram ranar cinta, ya tsaya wajen dillalai da mahauta yana kallon kunnuwan awaki, a ƙarshe magana ta je gaban mai unguwa, inda ake warware ta a hankali saboda sau da yawa ɓarawon ɗan ƙanwar mai akuyar ne. Yankin da magabatansa suka zana shanunsu a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa na Birnin Kudu bai kamata ya raina dabba a matsayin jigon rubutu ba. Adabin Hausa ma bai raina irin wannan ba, domin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, cike yake da ɓarayi da alƙalai masu dabara, Sulaiman Ibrahim Katsina ya gina Turmin Danya na 1982 a kan fasa-ƙwauri, marigayi Gambo kuwa waƙar ɓarayi ce ta zame masa sana'a. Amma ɗalibi ya yi imani cewa akuya ba ta jin Turanci, kuma duk wanda ya sa ta a takardar WAEC ya tona wa garinsu asiri.

A zaman bita ne kaɗai ake samun labarin bincike na haƙiƙa, domin a nan akwai gawa, wato Turancin da aka bari kwance a ɗakin jarrabawa, kuma kowa mai bincike ne. Wanda ya fi kowa murya shi ne wanda ya ƙirga kalmominsa ya tarar sun kai 700, yana ganin maki a mudu ake aunawa. Kusa da shi akwai ma'abucin babbar kalma, wanda ya haddace wata kalma mai gaɓa shida tun zangon farko ya yi rantsuwa sai ta shiga insha'insa ko da tambayar a kan rijiya ce. Shi ne zai dubi na gefensa ya ce, “Mutumina, wallahi idan mai makin ya zo kanta sai ya tashi ya nemo ƙamus.” Abokin zai amsa, “Ai ni, ɗan'uwa, mutum tara na kashe kafin shafi na biyu.” Sai wani da ya yi shiru tun da aka zauna ya tambaya a hankali ko dole ne labarin ya ƙare da jimlar da aka rubuta a takarda, domin shi ya ɗauka ado ce. A irin wannan lokaci ne ake kiran mai shayi ya ƙaro ruwan zafi.

Babu wanda ke kawo zancen yadda ake rabon maki, ko da yake ba sirri ba ne. Insha'i yana da maki 50: 10 na ƙunshiya, wato abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 kuma na ƙa'idojin rubutu, inda kowane kuskuren nahawu ko harafi ko alamar tsayawa ke cin rabin maki. Lissafin yana nuna kuskure ashirin sun isa su share wannan kaso na ƙarshe, kuma akwai takardun da ke cika wannan adadi tun ɓarayin ba su sauko daga mota ba. Mutum taran da aka kashe ba su da maki ko ɗaya.

Idan sakamako ya fito, daga A1 zuwa F9, bincike yakan shiga mataki na biyu, wato jera waɗanda ake zargi. Na farko Malamin Turanci ne, wanda aka ce bai koyar da abin da ya fito ba. Na biyu mai sa ido ne, wanda aka yi wa shaidar mugunta saboda ya ƙi fita shan iska. Na uku mai duba takarda ne, wanda ba a taɓa gani ba amma an tabbatar da yunwa ya yi aikin. Akan ƙara da maƙiya idan akwai kishiyar uwa a gida. Shekarar 2025 ta ƙara wa jerin ƙarfi, domin a ranar 28 ga Mayu takardar Turanci ta WAEC ta yi jinkiri har aka rubuta ta da dare da fitilar hannu a wurare da dama, sannan a watan Agusta hukumar ta sanar cewa kashi 38.32 cikin ɗari ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, bayan 'yan kwanaki ta gyara adadin zuwa 62.96 saboda kuskuren da ta gano a wajen maki. Tun daga nan kwamfuta ta shiga sahun waɗanda ake zargi, kuma da wuya ta fita, har a bakin wanda NECO ya rubuta. Mai neman lallashin kansa kuma yakan tuna wa jama'a cewa Aliko Dangote a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ya yi karatu kuma ba insha'i ya ba shi dukiya ba, sai dai ba ya ƙarasawa da cewa mutumin ya kammala ya wuce Jami'ar Azhar ta Alƙahira. A cikin zargin nan akwai wanda ke da tushe, domin yaron da ke jin Turanci na minti arba'in a yini, a ajin da ya cika maƙil, a makarantar da ɗakin karatunta ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru, an tura shi farauta ne ba kare ba sanda. Amma mai bincike na ƙwarai ba ya cire kowa daga zargi, su kuwa masu zaman darbejiya sun cire kansu tun kafin a buɗe fayil.

Laifi ɗaya da ake aikatawa a gaban idon kowa, kuma ba ya taɓa shiga insha'i, shi ne ekspo, wato satar amsa ko fitar da tambayoyi kafin lokaci. Ba sabon abu ba ne, domin fitar tambayoyin WAEC a 1977 ta girgiza ƙasa har Chukwuemeka Ike, wanda shi ne magatakardan hukumar a shekarun 1970, ya rubuta labarin bincike sukutum a kai mai suna Expo '77, aka buga a 1980. Dokar soja ta 1984 ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga mai wannan laifi, kafin dokar 1999 ta sassauta. Duk da haka akan sami insha'in da ke wa'azi cewa ƙarshen ɓarawo nadama, alhali daga wata 'yar takarda da aka naɗe cikin safa aka kwafo shi. Mai duba takarda ba ya buƙatar basirar Holmes kafin ya gano haka, domin idan aji guda ya yi mafarki iri ɗaya, mahaifiya ɗaya ta tashe shi sallar asuba, da kuskuren harafi ɗaya a layi na bakwai, shari'a ta ƙare.

Mutum ɗaya ne a duk wannan lamari ke kai bincike ga warwara, shi ne uban yaro, wanda bai san Poe ba bai san Chase ba. Yakan saurari jerin waɗanda ake zargi har ƙarshe, sannan ya ce a ɗauko masa littafin Turancin da ya saya shekara uku da suka wuce, ya juya shi ya ga shafukansa fes, wasu ma ba a raba su ba. Hukuncin da ke biyo baya a kansa yake faɗawa, domin Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa ba sa ɗaukar ɗalibi sai da kiredit a Turanci, rajistar jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara kuma kuɗi hannu ake biya, saboda haka yakan ci bashi a kan riɗin da bai kai yanka ba.